Sai Ya Ɗau Zafi Ake Juya Shi

Tun kafin in hura gawayi Mama ta riga ta hura nata.

"Burodi da tumatir," ta ce daga ƙofar kicin, hannu a ƙugu. "Mace za ta taso takanas ta zo ganin wadda ƙaninta yake nema, ke kuma ki tare ta da burodi da tumatir a bayan gida kamar masu gadi."

"Fiza ce, Mama. Shi ya ce in yi."

"Shi ya ce. In ya ce ki faɗa rijiya fa? Wallahi ki ji ni da kyau, in kika kore wannan da shirunki na banza, sai ki nemi wata uwar. Na gaji da amsa tambayar mutane."

Na ci gaba da taɓa kwaɓina da yatsa ina duba ko ya tashi.

Ku da yau kuka fara karanta ni, bari in gabatar da kaina kafin ku ɗauka kurma ce. A gidanmu Shiru ake ce min, har 'yan'uwan Mama sun manta ina da wani suna. Na gama jami'a, ina aiki a ɗakin gwajin ruwa, inda babu mai buƙatar jin muryata sai kwalabe. Shi kuma wanda ake maganar, a wayata na sa masa Mai Gilashi, don a shagon da yake gwada idon mutane muka haɗu ranar da na je sauya tabarau. Mama Dakta take ce masa. Ya gyara mata sau ɗaya, ta yi kamar ba ta ji ba, shi ke nan ya zama Dakta.

Iyayensa sun rasu yana ƙarami. Yayarsa ce ta raine shi, shugabar wata makarantar 'yan mata, kuma tun farko bai ɓoye min ba. "In Yaya ta ce to, an gama. In ta ce a'a…" Bai taɓa ƙarasa wannan jimlar ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin cewa ya ƙarasa ba. Ina son sa. Na faɗa muku ne don kada nan gaba ku ce me ya sa ban tashi na bar wurin ba.

Fiza kuwa ita ce abu ɗaya da na tabbata na iya. Obin ɗinmu na gashi a kicin ya daɗe da mutuwa, yanzu ma'ajiyar murafen tukwane ce, don haka a kan abin gashi na koya: rabin duro mai ƙafafu, da ragar ƙarfe a sama, da murfi mai maƙalar katako. Na ƙona kwaɓi ba adadi kafin in gane sirrin. A gawayi ba a ɗora kayan haɗi a kan ɗanyen kwaɓi. Sai ka fara gasa fuska ɗaya tsurarta, ka juya, sannan ka shafa miyar tumatir a kan gasasshiyar fuskar, ka zuba cuku da sauran kaya, ka rufe. Mai Gilashi ya san wannan sarai. Ya taɓa ci a falonmu har yana lashe yatsa, ya sa na ɗaukar masa bidiyon yadda nake juyawa, ya turo min da cewa: "Wannan hannun bai kamata ya ƙare a kan kwalaben ruwa ba."

Saƙonsa na ranar ya shigo ina jera gawayi.

"Mun taso. Ki saki jikinki. Kada ki yi yawan magana."

Na daɗe ina kallon saƙon. Ni ce ake wa gargaɗin yawan magana.

"To," na rubuta.

"Kuma kada ki yi shiru da yawa. Ba ta son shiru."

Na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗan zare a wuya, Mama ta ce na yi kama da mai zuwa gaisuwar mutuwa. Na koma na sa mai ruwan goro, ta ce ta kama ni. Na mayar da ta farkon, ta yi tsaki ta yafa min nata mayafin mai duwatsu, wanda ke ƙaiƙayi a wuya.

Anti, yayar tasa, ta shigo falonmu kamar mai duba aji. Doguwa ce, siririya, cikin farin leshi da ko ƙura ke jin tsoron sa, tabarau a rataye da sarƙa a ƙirjinta. Kafin ta zauna sai da ta shafa hannun kujera ta kalli yatsanta. Mai Gilashi na biye da ita riƙe da jakarta. Ban taɓa ganin sa da jakar mace ba, amma riƙon ya nuna hannun ya saba.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗaga murya, ban ji ba."

Na sake.

"Haka take ko yau ne?" Ba ni ta tambaya ba, Mama ta tambaya.

"Kunya ce, Hajiya," Mama ta ce tana dariyar da ban san tana da ita ba. "Tun tana ƙarama haka take, ko kuka ba ta iya da ƙarfi."

"Uhm. A makaranta irinsu na fi sa wa ido. Mai surutu ka san inda ta dosa."

Na saci kallon sa. Yana gyara zaman jakar a kan cinyarsa.

Ta tambaye ni abin da na karanta, na faɗa. Ta tambayi ko zan ci gaba da aiki bayan aure, na buɗe baki, Mama ta amsa cewa duk yadda suka ce. Ta tambayi ko na iya girki na gaske, ko sai na cikin waya. Nan ma Mama ce ta amsa. Da na ga dai babu kujerata a hirar, na ce bari in duba wuta, na fice kamar wadda aka kwance.

Bayan gidanmu ba wani fili ba ne: siminti da ya tsage, igiyar shanya, famfo, tsohuwar taya da Mama ta shuka na'ana'a a ciki, sai ƙaramar tagar banɗakin baƙi da ke kallon wurin. Ku riƙe tagar nan. Ni ban riƙe ta ba.

Gawayin ya kama, ya yi farar toka a sama, ja a ciki. Na ture garwashin zuwa gefe ɗaya na duron don in sami ɓangare mai zafi da ɓangare mai sanyi. Na jera komai a tire kusa da hannuna, don in an fara babu lokacin gudu kicin: miyar tumatir mai kauri, cuku da na goga, tattasai, albasa, kaza da na riga na dafa na yayyaga. Na miƙar da ƙaramin kwaɓi na gwaji a kan faranti. Babban na bar shi a rufe, shi ne na Anti.

A nan wayata ta yi ƙara. Ƙawata ce tun aji ɗaya a jami'a, wadda muke kira Rediyo saboda ba a kashe ta sai dai a rage. Hannuna duk mai, don haka na sa abin ji a kunne na jefa wayar a aljihu.

"Sun zo? Ya take? Kin suma?"

"Saura kaɗan."

"Bar ta, za ta ci ta yi shiru. Ni ma wai jiya na gwada abin nan naki a murhun gawayi. Ƙasa baƙi ƙirin, sama ɗanye, miji ya ce ko taya na gasa masa. Wai ke ya kike yi da kwaɓin?"

Ku gane, ni a duniya mutum ɗaya nake iya yi wa magana da cikakkiyar murya, ita ce Rediyo. Kuma ranar na saki muryar gaba ɗaya.

"Matsalarki gaggawa," na ce ina ɗora kwaɓin a kan raga. "Ba a ɗora masa kaya tun farko, guduwa zai yi ya bar ki da hayaƙi. Lallaɓa shi za ki yi. Ki shafa masa mai ko'ina, ki bar shi ya ɗau zafi. In kin ga ya fara kumburi yana cika yana batsewa, kada ki kula shi, da kansa zai saki. To a nan ne za ki juya shi yadda kike so. In dai ya juyu, wallahi duk abin da kika ɗora masa sai ya ɗauka."

"Oho! To babbar fa? Ni babba nake so in yi, ta ishi gida."

"Babbar ba a gaggawa da ita. Sai wuta ta kwanta. Gefe guda zan tura ta in rufe, ba za ki ƙara jin motsinta ba."

Rediyo ta yi dariya, ni ma na yi. Sai na ji an ja tagar banɗaki an rufe, ƙarau. Na ɗauka iska ce.

Na juya kwaɓin, ya fito da layukan raga a jikinsa, ruwan zuma. Na shafa miya, na barbaɗa cuku, na ja shi ɓangaren sanyi na rufe. Ƙamshi ya fara tashi. Har na fara tunanin watakila yau ba za ta ƙare da kuka ba. Na sauke ƙaramar, na ɗora babban kwaɓin.

Ƙofar baya ta buɗe. Anti ce a gaba, Mama na biye tana cewa "Hajiya hayaƙi, Hajiya leshinki," shi kuma a ƙarshe, har yanzu da jakar.

"Ci gaba," Anti ta ce. Ta sa tabaraunta. "Na zo ɗaukar darasi. Ashe malama ce."

Na ɗauka wasa ne, na yi ɗan murmushi.

"Ka ga har dariya take. Maimaita musu. Da muryar nan taki ta gaske, ba wadda kika shigo min da ita falo ba."

"Anti, me zan…"

"A lallaɓa shi. A shafa masa mai. A bar shi ya ɗau zafi, in ya yi fushi kada a kula shi." Tana faɗa tana lanƙwasa yatsu, kamar mai karanto laifin ɗaliba a gaban taro. "Sannan a juya shi yadda ake so, duk abin da aka ɗora masa ya ɗauka. Ƙarya na yi?"

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Ashe ita ce a tagar banɗaki.

"Ita kuma babbar," ta dafa ƙirjinta, "a tura ta gefe a rufe, ba a ƙara jin motsinta ba. Ni ke nan. Ni da na bar aure na farko ya wuce ni don yaron nan ya yi karatu. Tun ba ki shigo ba kin tanadar min murfi."

"Innalillahi," Mama ta ce. Ta juyo gare ni, idonta kamar garwashin da ke gabana. "Ke! Da wa kike wannan maganar?"

"Kwaɓi ne." Muryar ta koma inda ta saba ɓuya. "Mama, kwaɓi nake nufi. Ƙawata ce ta tambaye ni yadda ake… ana juya shi ne, kwaɓin, ga shi nan…"

Anti ta tafa hannu sau ɗaya. "Kwaɓi! Kai, 'yan jami'a. Kin ga kwaɓi yana fushi? Na yi shekaru ina shari'ar 'yan mata, wannan ƙaryar ko 'yar aji ɗaya ta wuce ta. Lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi. Na faɗa tun a falo."

"Kumburi na ce, Anti."

"Au, gyara min za ki yi?"

"Rufe min baki!" Mama ta daka min tsawa. "Ana magana kina magana, yaushe kika koyi wannan?"

Kun ji fa. Rayuwata duka ana ce min in buɗe baki.

Na juya na kalle shi. Ba wani dogon abu nake nema ba. A wayarsa akwai bidiyon hannuna yana juya kwaɓi, da muryata a ciki tana faɗin kusan waɗannan kalmomin. Ya ciro ta kawai. Ko ya yi dariya ya ce, Yaya, haka take magana a kan fulawa kamar mutum, ni ma ta ishe ni da shi. Jimla ɗaya.

Ya cire tabaraunsa ya goge da gefen riga. Ya mayar.

"Yaya, ki yi haƙuri," ya ce. Sannan ya dube ni, ba idona ba, wajen kafaɗata. "Ki ba ta haƙuri kawai."

"A kan me?" Ban san na faɗa ba sai da na ji shi a iska.

"Ba lokacin wannan ba ne. Ki ba ta haƙuri a wuce wurin."

"Ka ji ko?" Anti ta ce masa. "A kan me. Tun yanzu. Kai kana can kana gwada idon mutane, naka a rufe."

Mama ta kamo mayafin ta ja ni ƙasa. "Durƙusa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki ce kin yi kuskure, sharrin shaiɗan ne da sharrin ƙawaye."

Gwiwata har ta fara lanƙwashewa, don ta saba. Amma na ga abin da ke jira na a ƙasan. In na ce na yi kuskure, na amsa ke nan cewa na faɗa. Zan shiga gidansa a matsayin yarinyar da aka kama tana ƙulla yadda za ta mallake shi, aka yafe mata. Duk ranar da ya saya min ko takalmi, an juya shi. Duk ranar da bai je gaishe ta ba, an rufe babba. Kuma shi zai zauna a tsakani yana goge tabarau, ya san gaskiya.

A raina na ce, Anti, ƙaninki ai ba ya buƙatar in juya shi, yana da mai yi. A raina kawai. Ban kai can ba tukuna.

Hayaƙi ne ya cece ni. Babban kwaɓin da na manta a kan wuta ya kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu, Anti ta ja baya tana kare leshinta tana tari. Na zame daga hannun Mama na ɗauki faffaɗan cokali na kankaro shi. Ya manne da ragar, ya yage biyu, rabi ya faɗa cikin garwashi. Na tsaya ina kankara, bayana gare su, na ƙi juyowa. Kankarar ta ɗauki minti nawa ban sani ba, amma na ji ƙarar takalminta, na ji Mama na bin ta da "Hajiya don Allah, Hajiya yarinta ce," na ji an buɗe get an rufe.

Bai ce min sai anjima ba.

Mama ta dawo ita kaɗai. Ta tsaya ta kalli tiren, miyar da cukun da ƙaramar fizar da ba wanda ya taɓa, ta sa ƙafa ta ture shi. Miyar ta malale a kan siminti.

"Kin huta? Mutum mai sana'a, mai hankali, marar uwa da za ta dame ki, kin kore shi a kan burodi."

"Mama, kin san ban faɗa ba."

"Na sani mana! Ni na haife ki, ke da ko kaza ba ki iya kora ba za ki juya namiji? To sai me? Gaskiyarki za ki aura? Mu da kika gani a gidajenmu, kin san sau nawa muka ba da haƙuri a kan abin da ba mu yi ba?"

Wannan ta fi tsawar zafi. Na tsuguna ina kwashe tattasai daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Waya ta girgiza a aljihuna.

"Kin ba ni kunya."

Wani ya biyo.

"Na san abin da kike nufi, amma da kin yi abin da na ce da yanzu an gama."

Na sani. Ya rubuta da hannunsa, na sani. A nan inda babu mai gani sai ni.

Wani kuma: "Tana kuka a mota. Zan kira yanzu, ki ɗauka ki gyara. In ba haka ba ban san me zan iya yi ba."

Ban gama karantawa ba kiran ya shigo. Na bar shi yana ƙara a tafin hannuna. Mama ta fizge wayar, ta danna, muryarta ta koma zuma nan take.

"Dakta, ɗana, ga ta nan. Tun ɗazu take kuka, ta gane kurenta. Ga ta."

Ta manna min wayar a kunne, ɗayan hannun ta danne min ƙeya kamar mai ba yaro magani.

Ba shi ba ne. Babu alamar kuka a muryar.

"Ina jin ki," Anti ta ce.

Ina jin ƙarar mota a bayanta, da ƙyaf-ƙyaf ɗin sigina. Yatsun Mama suka ƙara nutsewa a wuyana. Na san in na bari numfashi ɗaya ya ƙara wucewa, "ki yi haƙuri" za ta fito da kanta.

"Anti," na ce, da muryar da ta ji ta taga, "ki sa wayar a sifika. Ya faɗa da bakinsa, a gabanki, cewa ya yarda shi nake nufi, ba kwaɓi ba. In ya faɗa, wallahi har gida zan zo in durƙusa miki."

Mama ta saki wuyana.

Sai na ji an danna wani abu, ƙarar motar ta ƙaru, muryar Anti ta yi nisa kaɗan.

"To ga ta. Faɗa mata."

Na ji motar ta rage gudu, ta gangara gefen titi, ta tsaya. Ya kashe injin. Sannan na ji ya ja numfashi.